Uban da Mai Hoto Ya Haɗa Mana

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Asabar, shekara biyu bayan an ba mu jiha, mu uku ne a shagon mai hoto a unguwar Turaki: ni, da baffana ƙanin mahaifina, da mai shagon. Wata biyu ke nan da rasuwar mahaifina. Ƙungiyar mutanen ƙauyenmu za ta buga kalanda da hotunan dattawan da suka rasu, shi kuwa tsohon bai taɓa yarda ya tsaya gaban kyamara ba. Abin da muke da shi kawai hoton wani taron coci ne, inda kansa ya leƙo daga can baya, bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

Mai hoto ya duba ya ce, "Oga, bar min. Ni da kake gani, mutane nake yi."

Ga yadda ya yi, bi da bi. Da farko ya ƙara girman kan har ya koma kamar hayaƙi. Na biyu, da ya ga babu idanu, ya ɗauke ni hoto ya yanke nawa da reza. Na uku, ya ari kunnuwa da haɓar baffa. Na huɗu, ya rasa gangar jiki, sai ya jawo hoton wani babban ma'aikaci da bai zo ya karɓa ba, mai kwat da agogo. Ya manna su da gam, ya bi da fensir, ya sake ɗauka. Ranar Laraba muka koma.

Baffa ya ce, "Ina tsagar fuskarsa?"

Mai hoto ya ce, "Baba, nan hedikwatar jiha ce yanzu. Na goge."

Da na kai kwafin hoton gida, mahaifiyata ba ta kalli fuskar ba, yatsu ta ƙirga. Ta ce, "Mijina tara gare shi, injin niƙa ya ci ɗaya. Wannan baƙon ku mayar da shi gidansu." Ban mayar ba, domin na riga na miƙa wa ƙungiya. Laifin nawa ne, na kuma rubuta shi a nan.

Wani malamin makaranta, maƙwabcina a unguwar Yelwa, ya ce Turawa ma suna da labarin wani mai ilimi da ya ɗinka sassan gawawwaki ya yi dodo, dodon ya tashi, mai ɗinkin ya gudu. Na ce nasu da sauƙi, guda ɗaya ne. Namu ya shiga kowane falo daga unguwar Sarkin Dawaki har ƙauye. Wajen gudu dai sun yi daidai: da matar ma'aikacin ta gane agogon mijinta ta je shagon, mai hoto ya rantse bai taɓa ganin mutumin ba.

Ba wannan ne ya dame ni ba. Yarana sun taso suna nuna kalandar suna cewa Kaka. Ni ma yanzu idan na rufe ido ina neman ubana, mai kwat ne ke zuwa, yana kallona da idanuna.

Saboda haka, mai karatu, idan kana da wannan kalanda, ka sauke ta. Idan kuma ka san wani manomi mai yatsu tara da ya saba zama a bencin baya a coci, ka zo ka faɗa min tsagarsa nawa ce a kowane kunci. Baffa da mahaifiyata sun rasu, ni kuma na manta.