Saidaliyya Uku a Rana Ɗaya

Lokacin nunar dabino ne, zafin Madina ya kai inda ko ruwan famfo sai ka tara shi ya huce kafin ka yi alwala. Shekarar ta zo mini da sauƙi. Gwiwata ta lafa, jikokina sun fara amsa mini da Hausa jefi-jefi maimakon Larabci, ni kuma ina zaune a unguwar Al-Sih wajen 'yata ta fari, wadda ke aikin ba da magani a wani asibiti.

Duk dangi sun san aikina. Mai ciwon baya in aika masa man shafawa, mai tari in aika masa habbatus sauda, duk ta hannun masu Umra. Don haka da ƙanwata ta turo saƙon murya daga Kano, na ɗauka irin wannan ne. Sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa. An gwada maigidanta, an same shi da cutar ƙanjamau, har ya fara shan magani. Ita an gwada ta, ba ta da shi. Likita ya ce akwai ƙwayar da za ta riƙa sha ta kare ta, amma ɗakin da ake bayarwa kowa ya san ko na mene ne, kuma maƙwabciyarta na shara a wajen. "Yaya, ki sayo mini a can ki ba masu Umra. Kada kowa ya ji."

Mai maganin tana cikin gidan da nake, amma ta yaya zan buɗe baki? 'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa. Ƙanwar tawa ce ma ta raine ta tun daga yaye, shi ya sa ita take kira Inna, ni kuwa Yaya, yadda ta taso ta ji ana kirana.

Na zauna na rubuta sunan ƙwayar a takarda, harafi bayan harafi, yadda malamar yaƙi da jahilci ta koya mana. Bayan sallar Azahar na ce zan je ziyara, na tari tasi zuwa unguwar Ƙiblatain, inda nake ganin ba wanda ya san fuskata.

A saidaliyya ta farko, wato kemis ɗinsu na nan, na tarar da maza biyu a gabana da ɗaya a baya. Da layi ya zo kaina sai na ji bakina ya ce man goge baki. A ta biyu na miƙa takardar. Mutumin ya duba, ya yi mini bayani mai tsawo da Larabci cikin ladabi, abin da na tsinta kawai shi ne likita da gwaji. Don kada in fita hannu sake, na sayi man goge baki. A ta uku, can Bani Harisa, ina shiga na ji mai shagon yana waya da Hausar Kano tsantsa. Ban ko ciro takardar ba, na sake sayen man goge baki na fito.

Na dawo bayan La'asar na tarar 'yata ta riga ni gida. Ta dubi ledoji uku masu tambari daban-daban, ta zazzage su a kan tabarma.

"Yaya, haƙora nawa suka rage miki?"

Na ce, "Na amfanin gida ne."

"Gidan da ke da mai magani? Wallahi kin ci amanata. Saidaliyya uku, kamar mai neman wanda ya ɓata."

Na gyara zama na fuskanci bango, domin haka nake mata magana idan zancen mai nauyi ne. Na ce akwai wata mata.

"Wata mata," ta maimaita. "Bara wata mata ce ke ciwon gwiwa, ashe ke ce. Bara waccan wata mata ce ke hawan jini, ashe Inna ce. Mata biyu kawai kika sani a duniya. Wace ce yau?"

Na miƙa mata takardar ba tare da na juyo ba. Dariyar ta tsaya. Ta ce, "Inna lafiyarta ƙalau?"

Na ce, "Ita ba ta da shi. So take kada ta samu."

Na ji ta sauke numfashi. Ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa, abin da ba mu saba ba. Ta ce wannan ƙwayar ba a aika ta kamar tsaraba. Sai an gwada mutum kafin ya fara, kuma a riƙa sake gwaji lokaci-lokaci, domin wanda ya sha ta alhali yana da cutar bai sani ba, zai iya ja wa kansa matsala. Kuma in masu Umra suka yi jinkiri kwalba ta ƙare fa?

Na ce to shi ke nan, sai ta zauna a bencin da kowa zai gan ta?

Ta ce a'a. Wata ƙawarta da suka yi jami'a tare tana da kemis a Kano, tana cikin waɗanda aka horar aka ba su izinin yin gwajin da ba da ƙwayar. Akwai ɗan ɗaki a ciki mai labule. Mutum ya shiga kamar mai sayen maganin mura, ya fito da leda irin ta kowa.

"Kin ƙona kanki a ranar Madina, abin yana bayan kasuwarsu," in ji ta. Sai ta ƙara da cewa, "Ba zan kira Inna ba. Ke ta gaya wa. In ta ga dama wata rana ta gaya mini da bakinta, zan yi mamaki yadda ya kamata."

Na ce, "Kin iya?"

"Yaya, ni fa 'yarki ce."

Ta rubuta mini kwatancen shagon da manyan haruffa, ta kira ƙawar tata ta ce wata mata za ta zo. Na harare ta, ta kawar da kai tana murmushi.

Washegari na jira har hantsi ya ɗaga a nan, domin Kano na bayanmu da awa biyu. Na kira ƙanwata na karanta mata kwatancen, na faɗa mata dalilin da ba zan aiko ba. Ta ce ƙafafunta ba za su kai ta ba. Na ce ta ɗauko mayafi, kada ta kashe wayar. Muka tafi tare, ina jin ƙarar adaidaita da masu talla, ina ba ta labarin jikoki don wanda ya gan ta ya ga mai hira kawai. Can ta ce, "Yaya, ga ni a ƙofa." Na ce ta yi sallama. Na ji ta yi, na ji muryar mace ta amsa, sannan na kashe wayar.