Lawali da Fitilar Ɗakin Inna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lawali ya rasu.

Da safen nan ina fitowa daga masallaci ƙanensa ya kira ni daga Dauran. Na ce wane Lawali? Ya ce Lawali naka, mai gyaran wuta. Na tsaya a tsakiyar hanya da waya a kunne har sai da mai babur ya yi mini hon.

Wai zazzaɓi ne. Ya je can garinsu girbin gero, ya kwanta, shi ke nan.

Wallahi har yanzu gani nake zan farka.

Tare muka taso a Kaura Namoda. Tun muna yara Lawali ke tsintar matattun batura ya shanya su a rana, ya ɗaura musu ƙwan tocila, mu shige ƙarƙashin tsohon tarago a tashar jirgi mu zauna muna kallon ɗan hasken. Da muka girma ya yi karatun lantarki, ni na kama sayar da hatsi. Amma son kayan zamani bai sake ni ba, shi ya sa yake kirana Alhaji Zamani, ko Makka ban je ba.

Sau nawa ya gyara wutar masallacinmu ya tafi ba a ma san ya zo ba? Ranar sunan ɗiyata inbatar wutar solarmu ta mutu, ya baro aiki daga Zurmi cikin ruwan sama, ya gyara, ya ci tuwo a tsaye ya juya.

Amma abin da ke yi mini yawo a kai tun ɗazu shi ne fitilar Inna.

Inna mahaifiyata ce. Ta tsufa, idonta ya yi rauni. Bara ta tashi alwalar asuba cikin duhu, ta yi tuntuɓe da buta, ta faɗi ta karye a hannu. Yayanmu da ke Gusau ya rantse in ta ƙara faɗuwa zai ɗauke ta ta koma wurinsa. Inna ta ce ɗakin nan aka kawo ta amarya, kuma gawarta ce kawai za ta bar shi.

To, ni Alhaji Zamani sai na ce na san magani. Na sayo fitilar sili irin wadda ake ba umarni da wayar hannu, da makunnin bango na gilashi, shi ma mai jin waya, wanda taɓa shi kawai ake yi. Muna da sola, wuta ba matsala. Na saita fitilar ta riƙa kunna kanta kafin kiran salla.

Ina! Kwana kaɗan abu ya rikice.

Wata rana asuba ta yi, ɗaki duhu ƙirin, na duba waya ta ce ba ta ganin fitilar. Wata rana kuma fitilar ta dinga ƙifta ido, ta koma ja ta koma kore kamar gidan biki. Inna ta ce in kwashe kayana, ita ba ta kwana da aljanu. Na goge manhajar na sake sawa, na sauya ƙwai, na zagi wanda ya sayar mini. Rannan na iske Inna tana lalube a bango da hannun da ya karye, butar nan a gaban ƙafarta. Nan take na kira Lawali.

Ya zo da yamma da 'yar jakarsa. Ya buɗe makunni, ya sa testa, ya hau kujera ya leƙa sili. Ya ce wayoyin wuta lafiya lau, babu wadda ta saki. Sai ya sauko ya zauna a tabarma ya kama gaisawa da Inna, yana tambayar hannu, yana tambayar awakinta. Na ƙosa, na ce mutumina aiki na kira ka ko hira? Ko kallona bai yi ba.

Can ya ce, “Inna, gwada mini yadda kike kashe ta in za ki kwana.”

Na ce ai na hana ta taɓa makunnin. Inna ta harare ni. Ta ce tun tana yarinya malaminsu ya karanta musu cewa musulmi ba ya kwana ya bar wuta, kuma da hannunsa yake kashe ta da sunan Allah. Aci-balbal ta kashe, fitilar ƙwai ta kashe, ba wagga ta gilashi za ta canza ta ba.

Ta tashi, ta yi bisimilla, ta taɓa. Ta ƙara taɓawa. Ta ƙara. Sau uku, kamar wankin hannu a alwala. Da ta yi kokwanto ko ya ji, ta sake wasu ukun.

Nan take fitila ta fara ƙifta ido.

Lawali ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya bayyana mini cewa makunnin nan, duk wayonsa, yanke wuta yake yi. Ita kuwa fitilar sai da wuta a jikinta take jin umarni, in an yanke ta zama kurma, ba za ta san asuba ta yi ba. Sannan masu ƙera ta sun yi ta ne yadda in aka yanke wuta aka mayar a jere da sauri, sai ta manta duk abin da aka koya mata, ta kama ƙiftawa tana neman sabon ubangida.

Na ce to mu liƙe makunnin da salatif kowa ya huta.

Ya ce, “Haba Alhaji Zamani. Ba a gyara tsohuwa, waya ake gyarawa.”

Ya kashe wutar gidan, ya haɗa waya ta wuce kai tsaye zuwa fitilar ba tare da ta bi ta cikin makunni ba. Shi kuma makunnin ya saita shi ya zama ɗan aike kawai: in an taɓa, ya gaya wa fitila ta rufe ido, amma ranta na nan. Ko sau tara Inna ta taɓa, babu abin da zai ɓaci.

Bai tsaya nan ba. Ya tambaye ta wane irin haske ta fi so, ta ce irin na fitilar ƙwai da babanmu ke karatu da ita. Ya yi ta murza launin a waya har ta ce, “Awo, wanga.” Ya kuma sa fitilar ta riƙa tasowa a hankali, kar ta firgita Inna.

Na taɓa zama a ƙofar ɗakin don kawai in gani. Da farko sai ka ce idonka ne. Sai gefen gado ya fito, sai tasbaha a ƙusa, sai buta, sai fuskar Inna. Ɗakin ya koma kamar na lokacin da muke yara, har na ji kamar babanmu zai yi gyaran murya.

Tun daga ranar Inna ba ta ƙara faɗuwa ba, maganar Gusau ta mutu. Kullum in hasken ya taso sai ta ce Lawali ya tashe ta, ta sa masa albarka kafin ta sauko da ƙafa.

Ganina da shi na ƙarshe a kasuwar Shinkafi ne, ranar Alhamis. Yana kan babur da buhunan da zai zuba gero. Bai ma sauka ba, ya ce, “Har yanzu sau ukku?” Na ce har gobe. Ya ce, “Bar ta. In na dawo zan zo in sa mata ɗaya a bakin makewayi.” Ya ɗaga hannu ya shige cikin mutane.

Yau ma fitilar ta taso a kan lokacinta. Inna ta sa masa albarka kamar kullum, alhali tun jiya da dare ya cika, ba mu sani ba.

Da na dawo daga masallaci na durƙusa gabanta na faɗa mata. Ta daɗe tana kallon sili. Gari ya waye sarai, na miƙa hannu zan kashe fitilar, tunda a rayuwarta ba ta taɓa yarda a bar wuta da rana ba.

Ta riƙe mini hannu. Ta ce, “Yau a bar ta.”

Ina cikin mota hanyar Dauran nake rubuta wannan, da hantsi za a yi jana'iza. Ina kewarka tun yanzu, Lawali.

Ya Allah, bawanka ya hana tsohuwa faɗuwa cikin duhu, kada ka bar shi cikin duhu. Ka haskaka kabarinsa, ka gafarta masa, ka raya abin da ya bari, ka ba iyalinsa haƙuri.

Ku kuma da kuka karanta, don Allah in kun kai hannu za ku kashe fitila yau, ku tuna da Lawali ku yi masa Ƙulhuwallahu, ƙafa uku irin na Inna.