Rubutun Yaya a Allona

Ƙarfe biyu na rana ne a agogon aljihun Baba, ranar Laraba, lokacin da wani ɗan koli ya yi sallama a zaurenmu ya roƙi ruwa.

Shekarun yaƙin Jamus ne. Ana ɗibar samari daga ƙauyukanmu zuwa haƙar kuza, kuma waɗanda suka dawo, da tari suke dawowa. Da labari ya zo cewa an sa sunan yayana, sai Baba ya ce wa mai unguwa ya tafi gabas karatu. Alhali yana cikin tsohon rumbunmu na bayan gida. Kullum da asuba nakan miƙa masa fura da allona, ya rubuta mini karatun ranar, domin hannun Baba ya riga ya fara rawa.

Ni na kai ruwan, allona a hammata. Mutumin ya shimfiɗa allura da kwalli a gaban Baba, amma ba su yake kallo ba.

"'Yar Malam, ina kika kai a karatu? Kawo mu gani."

Na miƙa da hannu biyu. Ya daɗe yana dubawa, ya shafa layin ƙarshe da ɗan yatsa.

"Hannu mai kyau, Malam. Naka ne?"

Baba ya tura hannayensa cikin riga. "Na ɗalibai ne."

"Wane ɗalibi?" Ya mayar mini da allon, sannan ya dube ni. "Ke faɗa mini. Ai da allo a hannunki."

A gidanmu ba a yin ƙarya da ayoyi a hannu, kuma ya san haka. Na sunkuyar da kai. Amma idona ya kai ƙofar bayan gida sau ɗaya.

Ya yi dariya, ya ba ni allura kyauta. Ko gidan maƙwabta bai shiga ba, ya kama hanyar Ɗambatta.

Kafin la'asar Inna ta ɗaure wa yaya gumba a tsumma. Ya shige gona, na ga dawa tana motsi a bayansa, har ta daina.

Ranar Asabar 'yan doka biyu suka zo. Ba su tambayi kowa hanya ba, kai tsaye suka nufi rumbun. Suka tarar da tabarma da kwalbar tawada.

Ba wanda ya yi mini faɗa. Aka girbe dawa, ba labarinsa. Duk baƙon da ya yi sallama sai na shige ɗaki. Na tambayi Baba inda yaya yake, ya ce in je in yi karatu. Na tambayi Inna sau uku. A na huɗun tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Ban sani ba," ta ce. "Ni na hana yayanki faɗa wa kowa a gidan nan inda za shi. Za su sake zuwa su tambaye mu, mu kuwa ba mu iya ƙarya ba."