Nafi'u da manhajar da ta kashe 'yan Ajantina

Shekara uku ke nan da rasuwar abokina Dakta Nafi'u, kuma har yau in na tuna shi dariya ke riga hawaye zuwa. Tare muka yi karatu a Zariya, tare muka sami aiki a wani ɗakin bincike a Doha, muka kama gida ɗaya a unguwar Bin Mahmud. Aikinmu leƙa madubin likita, mu ƙirga ƙwayoyin halitta, mu ware masu rai da matattu, tun safe har wuya ya sage.

Ciwon suga ne ya taɓa masa ido. Likita ya ce in bai rabu da madubin nan ba, to ya fara neman sanda. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne a ce ya bar kimiyya, don tun yana sakandare ba shi da wani buri sai ita.

Ana cikin haka korona ta kulle kowa a gida. Ni na koyi yin alkubus, na ajiye tumbi. Shi kuwa ya ƙara girman rubutun kwamfutarsa har daga kicin ina karantawa, ya duƙufa koyon haɗa manhaja. So yake a ba kwamfuta hoto ta yi ƙirgar da kanta. Na ce, “Malam, an ajiye farar riga an koma gyaran waya ke nan?” Ya ce, “Kai dai ci alkubus ɗinka.” Kafin a buɗe gari, aikin da kan cinye mini yini guda manhajarsa na gamawa kafin shayina ya huce.

Ranar da ba na mantawa a lokacin gasar kofin duniya ce, wadda aka buga a Doha. Daga ofishin wani ɗan Kano a unguwar West Bay Nafi'u ya ɗauki hoton cincirindon 'yan kallo, ya ba manhajar don tsokana. A aikinmu, ƙwayar da ta mutu shuɗi take rinewa. Nan take kuwa ta yanke hukunci: masu koriyar riga suna da rai, 'yan Ajantina masu shuɗiyar riga duk sun mutu. Da Ajantina ta ɗauki kofi, Nafi'u ya yi ta dariya har da faɗuwa daga kujera, yana cewa, “Khalas, shi ke nan, matattu sun cinye mu!”

Amma ko a cikin wannan nishaɗi abin bai bar ransa ba. Ya taɓa tambayata, ba da wasa ba, ko har yanzu ana iya kiransa mai bincike, tunda rabonsa da madubi an daɗe. Na amsa masa da zolaya kamar kullum. Bayan gasar da 'yan watanni ciwon ya tashi gadan-gadan, Allah ya karɓi abinsa.

Yau ga na'urori sun fara rubuta manhaja da kansu. Na san da yana nan da ya zauna musu da su har sai sun ba shi haƙuri. Tasa manhajar, da ya saki kyauta, tana nan tana aiki a hannun mutanen da ba su san fuskarsa ba.

Kwanakin baya wata ɗaliba mai digiri na uku a Sakkwato, da ke amfani da manhajar wajen bincike kan zazzaɓin cizon sauro, ta nemi Dakta Nafi'u da wata tambaya, aka haɗa ta da ni. Na gaya mata ya rasu. Ta yi salati. Sannan ta ce ai ta riga ta sa sunansa cikin malaman da suka duba aikinta, kuma ba za ta cire ba.

To, Nafi'u, ka ji amsar tambayarka. Allah ya haskaka makwancinka.