Kwanon Kaka da Ya Daina Yawo

Ranar wata Laraba ce, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a ɗakin baya na gidan yayana a unguwar Cissin. Mu biyu ne a ciki, ni da kakata, sai na'urar ɗaukar murya da na ajiye a kan tabarma tsakaninmu. Shekaru sun shuɗe, amma wannan yammacin ba zai taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina gabatar da shirin kiwon lafiya da Hausa a wani gidan rediyo. Na yi makonni ina karanta labarin al'ummomin da aka sani da tsawon rai: mutanen tsibirai masu cin kifi da ganye, da mazauna duwatsu da suka dogara ga wake da hatsi da man zaitun. Sai na ga ba sai na je nesa ba. Kakata ta haura shekara tamanin a lissafin gida, ba ta taɓa kwana a asibiti ba, kuma a unguwar Zango ta yi rayuwarta duka, a kan tuwon dawa da miyar kuka da daddawa.

Sai dai tun da aka rushe Zangouettin, wato Zangon namu, mutanen unguwar suka watse, Kaka ta fara ramewa. Yayana ya ba ta ɗaki nata ita kaɗai. Matarsa takan kai mata abinci a kula mai kyau, ta jawo ƙofa don kada hayaniyar gida ta dame ta. Girmamawa ce tsantsa. Amma kular takan fito kusan yadda ta shiga. Likita ya duba, bai ga ciwo ba. Ni kuwa da ilimina na takarda na yanke hukunci cewa canjin abinci ne. Na hana taliya da dunƙulen ɗanɗano, na sayo dawa da kuka da daddawa, har na rubuta tsarin girki na manna a bangon madafa. Aka bi shi wata guda cur. Awarwaronta ya ci gaba da zamewa har gwiwar hannu.

A wannan hali na kunna na'urar.

"Kaka, masu sauraro suna son sanin abin da kika ci har kika kai waɗannan shekaru."

"Maigida ke nan," in ji ta, don haka take kirana tun ina rarrafe. "Sai da rediyo ta aiko ka ka tuna kana da mata? Yi tambayarka kafin in yi yaji."

"Ran Litinin me kike ci?"

"Litinin? Gidan mai goro. Matarsa akwai hannun busasshiyar kuɓewa, sai dai rowar nama."

"Abincin nake tambaya, Kaka, ba gidan ba."

"Ai shi nake faɗa maka, kai ne ba ka ji. Talata babenda, daga wajen Bamosar nan ta bayan masallaci. Ganye da gyaɗa da ɗan tsaki. Ita ba ta da zance sai na tuwona, wai ya yi tauri a yi gini da shi. Amma ko loma ba ta ragewa."

Haka ta bi kwanakin mako, kowace rana da gidanta. Abin da take bayani a kai shi ne ciyayya. A Zango, gidan da ya sauke tukunya yakan aika kwano maƙwabta, kuma kwano ba ya komowa fanko. Da la'asar tsofaffin mata sukan haɗu a rumfa ɗaya, su buɗe abin da ya zo, su sa hannu tare, ana ci ana kushe girkin juna. A cikin wannan al'ada na girma, amma ko sau ɗaya ban ɗauke ta a matsayin maganar abinci ba.

Na ce, "To ga irin na da an dafa miki. Me ya hana ki ci?"

Ta jawo kular, ta buɗe. Tuwon na nan, an shafe shi sumul, ya huce.

"Wa ya aiko?" ta tambaye ni. "Wa zan mayar wa? Tun ina amarya ban taɓa cin tuwo ba tare da wata tana ce mini na cika gishiri ba. Nan an rufe ni da abinci kamar mai jegon da ba ta da jariri."

Daga baya na saurari abin da na'urar ta ɗauka: kusan minti biyu babu muryar kowa, sai ƙarar fanka. Sana'ata magana ce, kuma an koya mini cewa shiru a rediyo kuskure ne. Wannan shirun ya fi duk abin da na taɓa watsawa gaskiya.

Na kashe na'urar, na wanke hannu, na gutsuri tuwon. Na ce, "Gishiri bai ji ba."

Ta harare ni. "Bakinka ne burodi ya lalata. Matsa in ji." Ta yi loma shida. Na ƙirga.

Washegari na hau moto, wato babur ɗina, na tafi Zango. Fili ne fetal, ciyawa a nan, dogon gini a can. Wata bishiya ce kawai ta nuna mini inda rumfar take a da. Na bi sauran mutanenmu na gefen unguwar Tiendpalogo ina tambaya. Cikin mata bakwai da suke cin abinci da Kaka a rumfar, huɗu sun rasu, ɗaya 'ya'yanta sun tafi da ita Kano, ɗaya ba wanda ya san inda ta koma. Saura Bamosar nan, a wata sabuwar unguwa can bakin gari.

Da na gaya wa Kaka, ta ce a ɗauko mata muciya. A zaune ta tuƙa tuwon, tana hutawa, ta zuba a tsohon kwanonta mai fure wanda bakinsa ya ɓantare. Na ɗaure shi a bayan moto.

Na tarar da tsohuwar ita kaɗai a gindin katanga. Ta gane kwanon kafin ta gane ni. Ta buɗe, ta danna tuwon da yatsa, ta ce da Mosanci, yaren ƙabilarta, "Har yanzu ba ta iya ba." Sai ta rufe fuska da gefen zane. Ba ta bar ni na tafi ba sai da aka cika kwanon da babenda. A ranar Kaka ta cinye rabinsa, tana mitar an cika kanwa.

Ban daina yarda cewa dawa da ganye da wake suna gina jiki ba. Amma na koyi cewa idan ana lissafin abin da ke tsawaita ran tsoho, sai an sa hannun da ya aiko da bakin da zai kushe. Mun ba Kaka ɗaki da kula da kowane irin hatsi, muka raba ta da abin da ke sa ta jin yunwa.

Na yi jigilar kwanon duk Talata da Juma'a har shekara uku. Sau biyu kawai matan suka sake ganin juna. Bamosar ce ta fara rasuwa, Kaka ta bi ta bayan wata biyu. Hirar ban taɓa watsa ta ba. Kwanon yana ɗakina, a kan kabad.