Bashir da Baƙon da Aka Bari a Ƙofa

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Bashir. Ni na goya shi a gidanmu na unguwar Guéma a Parakou, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa kama sunana ba, Yaya kawai yake cewa.

Aikina karanta labarai a rediyo, nasa kwamfuta. Shi da abokansa suka yi wata manhajar waya ta kyauta, wadda dillalan shanu da mahauta ke dubawa su ga ko an yi wa dabba allurar rigakafi kafin su saya. Bayanin yadda ake amfani da ita da Faransanci aka rubuta shi, alhali yawancin 'yan kasuwar shanu ba sa karanta shi. Na fassara shi zuwa Hausa, wani ya yi na harshen Dendi.

A wurinsa na koyi cewa fassara ba ta shiga manhaja da kanta. Bayan an ajiye ta tare da sauran, dole a rubuta sunan harshen a fayil ɗin saiti, wanda kwamfuta ke bi idan za ta haɗa manhajar, sannan a wani fayil na biyu mai tsara abin da za a tura cikin waya. In aka manta ɗaya, kwamfuta ba ta ƙorafi. Haɗa abinta take yi, ta bar fassarar a baya.

Haka ta faru da Malam Sule na Djougou, tsohon malamin lekol, wato makarantar boko, da ya yi watanni yana juya bayanin zuwa harshensu na Yom, idonsa kuma ya fara rauni. Bashir ya dage sai mun je mun nuna masa da kanmu. Muka tarar ya tara 'ya'ya da jikoki a tsakar gida, an yanka mana zabi. Bashir ya durƙusa ya miƙa masa waya. Faransanci, Hausa, Dendi. Tsohon ya ja yatsa ƙasa, ya kusanto da wayar fuskarsa, ya sake ja. Babu Yom.

"Ba komai, ɗana," in ji shi. "Mun saba."

Bashir bai ci naman nan ba. A mota, da muka shigo Parakou ya ce da ni, da tsohon ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Gyaran bai wuce ƙara kalma ɗaya a fayil biyu ba. Da ya gyara, Bashir ya koma Djougou shi kaɗai, Malam Sule ya karanta shafin farko da idonsa, har ya kama kuskuren rubutu ya sa shi ya gyara. Kafin damina ta zagayo, idon ya rufe gaba ɗaya.

Daga nan Bashir ya rubuta wani ɗan bincike a cikin aikin. Duk lokacin da aka ajiye fassara amma sunanta bai shiga fayilolin biyu ba, haɗawar sai ta tsaya cak, ta fito da saƙo. Abokansa sun so a rubuta saƙon da Faransanci, ya ƙi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, da na'ura ke fassara shafi kafin mutum ya kurɓi shayi. Na san zai yi murna, don ba ya tsoron sabon abu. Amma na san zai tambaya ko wani ya buɗe wayar a gaban mai harshen, ya kalli fuskarsa.

Kwanan baya ina cefane a kasuwar Arzèkè wata mata ta kira ni daga Cotonou. Ita ke riƙe da manhajar yanzu, ba ta taɓa ganin Bashir ba, ba ta kuma jin Hausa. Suna ƙara fassarar harshen Baatonum, aikin ya tsaya, wani rubutu ya fito wanda babu mai gane shi a cikinsu. Suna shirin goge binciken, amma ta ga ya dace ta fara jin ma'anarsa. Ta karanto mini baƙi bayan baƙi, da lafazin Faransanci: "Akwai baƙo a ƙofa, ba a shigo da shi ba."

Na yi shekaru ina karanta sanarwar rasuwa muryata ba ta rawa. Ranar sai da na zauna a kan bencin mai doya. Na fassara mata, na ba ta labarin Malam Sule. Sai ta ce lallai sun manta da fayil na biyu.

Bashir bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari shi ne wannan tsayawar, da ke hana a wuce a bar wani a waje. Matar ba ta goge ta ba. Ta ƙara Faransanci a ƙarƙashin saƙon, ta bar Hausarsa a sama. Baatonum ya shiga. Allah Ya ji ƙanka, Bashir, Ya buɗe maka ƙofa yadda ka buɗe wa wasu.