Baba Elnathan Na Tsohuwar Taya

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, na dawo daga makaranta na tarar da Mama zaune da waya a hannu. Ta ce, "Ƙauna, Baba Elnathan ya rasu." Ciwon zuciya ne ya same ka, Baba, a wurin aiki a titin Wendover, nan Greensboro.

Kai ka kafa ƙungiyar kiɗa ta Tsohuwar Taya a 2009, a wani gareji da ke bayan wurin sayar da motoci a titin Gate City Boulevard. Kai a kan ganguna, Kawu Ma'aruf da jita, Anti Scholastica tana rera waƙa da Hausa cikin ƙarar kiɗan rok mai girgiza ƙofa. Ba a taɓa sa ku a rediyo ba. Ɗaukar kiɗanku ma ba ka yarda a yi ba. Bokiti kake ajiyewa a bakin ƙofa duk ranar Asabar, kowa ya saka wayarsa. Kakan ce, "Mai son ji ya zo da ƙafarsa."

Kuma sun zo! Yaran da in an yi musu Hausa sai su amsa da Turanci, a garejin nan suka fara ihun amshi da Hausa. Seydou ɗan Nijar a wurinka ya fara riƙe jita, yau yana da tasa ƙungiyar. Wani dattijon cocinmu ya zo yi maka faɗa kan hayaniya, sai ga shi yana kaɗa kai har aka tashi.

Ni kuwa da na ce ina son koyo, ka ga kunya ba za ta bar ni ba, sai ka juya mini gangunan suka fuskanci bango. Haka ka koya mini waƙoƙinku ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallona sai bango.

Bayan jana'iza Kawu Ma'aruf ya ce kiɗan ya tafi da mai shi, tunda babu ko ɗaya a waya, ba kuma wanda ya san hannunka. Har sun fara maganar mayar da makullin gareji. Sai na ce, "Kawu, ni na sani." Ya ce, "Ke? Ke da ko gaisuwa sai an sa kunne?"

Baba, Asabar da ta wuce na kaɗa! Gareji ya cika maƙil. Na zauna na ba jama'a baya. Da muka kai waƙa ta biyu Anti Scholastica ta juyo tana dariya tana hawaye, ta ce, "Ƙara ƙarfi, 'yar nan!" Na ƙara. Na yi kuskure a wuri ɗaya, ba wanda ya tsaya. Da aka gama, Kawu Ma'aruf ya mayar da makullin aljihunsa, ya ce, "Asabar mai zuwa kar ki makara."

Allah ya ji ƙanka, Baba, ya ba ka madawwamin hutu a wurinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Mama Confidence da 'ya'yanka, Josiah da Treasure. Ubangiji ya ƙarfafa zukatanku, ya ba mu haƙurin wannan rashi. Amin.

Ƙauna Shekari
Greensboro